Tsoron Shaiɗan a Hamadar Masar: Nazari a kan Littafin Rayuwar Antoniyos

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna kai-komo a tsakanin malaman Kirista akwai wannan: idan bala'i ya sauka a kan mutum, ko jaraba ta tsananta gare shi, shin ya kamata ya ji tsoron Shaiɗan? Nassoshin da ke hannunsu ba su taho da murya ɗaya ba. Wasiƙar Bitrus ta farko ta kamanta Iblis da zakin da ke zagaye yana neman abin farauta, ita kuwa wasiƙar Yakubu ta nuna cewa tsayin daka kaɗai ya isa ya sa shi ya ranta a na kare. Babu littafin da ya tunkari wannan tambaya gaba da gaba, ya kuma bar gurbi a zukatan Kiristoci, kamar ɗan littafin da Atanasiyus, babban limamin cocin Iskandariyya, ya rubuta da Girkanci a kan rayuwar wani rahibi Bamisire mai suna Antoniyos. Amsar da littafin ya furta a sarari ita ce kada a ji tsoro. Sai dai wanda ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe zai tarar da cewa labaran da ke cikinsa sun koyar da abin da huɗubarsa ta hana.

Antoniyos ya rasu a shekarar 356 Miladiyya, littafin kuma ya ce ya kai shekara 105 a duniya. Atanasiyus ya rubuta tarihinsa jim kaɗan bayan haka, wato kimanin shekara 250 kafin aiko Manzon Allah (SAW), a lokacin da sarkin Rum ya raba shi da kujerarsa yana ɓuya a tsakanin rahiban hamada. Ya aike da shi ne ga wasu rahibai na ƙetare da suka nemi sanin yadda mutumin ya rayu don su yi koyi da shi. Kafin a yi shekara ashirin an fassara shi zuwa Latin, ya bazu a Yammacin daular Rum. Ogastin, malamin Kiristan Arewacin Afirka, ya ba da labarin cewa jin wannan ƙissa a birnin Milan a shekarar 386 yana cikin abubuwan da suka girgiza shi har ya sauya rayuwarsa.

Ƙissar ta fara ne da saurayi ɗan masu hali wanda iyayensa suka rasu yana da shekara 18 ko 20, suka bar masa gonaki da ƙanwa. Ya ji ana karanta wurin da Linjilar Matiyu ta umarci mai neman kamala ya sayar da abin da ya mallaka ya bai wa matalauta, sai ya ɗauki maganar kamar da shi ake. Ya rabar da dukiyar, ya damƙa ƙanwarsa a hannun wasu mata masu ibada, ya koma bakin gari. A nan ne Shaiɗan ya fara shigowa, kuma a nan ne alƙalamin marubucin ya fi kaifi. Babu ƙaho, babu wutsiya, babu hayaƙi. Tunani ne kawai: tuna dukiyar da ya bari, damuwa da halin da ƙanwarsa za ta shiga, kewar dangi, daɗin abinci, wahalar hanyar da ya ɗauka, raunin jiki da tsawon shekarun da ke gabansa. Abin lura shi ne yawancin waɗannan tunane-tunane ba saɓo ba ne a kan kansu. Kula da ƙanwa marainiya haƙƙi ne, kuma mai karatu Musulmi zai iya cewa a wannan gaɓa wasiwasin ya fi rahibin hujja. Duk da haka, marubucin ya gane abin da Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekarar 597 Hijiriyya, ya gina littafinsa Talbisu Iblis a kansa, wato Shaiɗan ba ya zuwar wa mai ibada da mummuna tsirara, sai ya yi masa lulluɓi da abin da yake kama da gaskiya.

Da tunani ya kasa, sai littafin ya sauya salo. Shaiɗan ya zo da dare cikin siffar mace, daga baya ya bayyana a siffar yaro baƙi, ya faɗi ƙasa yana amsa cewa an ci shi da yaƙi. Wannan siffa ta baƙar fata ba abin da za a tsallake ba ne. Marubucin ya danganta ta da baƙin zuciyar Iblis, ta kuma zama gado a adabin rahibai na bayansa, inda aka riƙa kwatanta aljani da Bahabashe. Ɗalibin da ke karatu a Afirka yana da ikon ya yi wa wannan wuri alama, ya san cewa ƙyamar launi ta shiga adabin addini tun kafin cinikin bayi na Tekun Atlantika.

Daga nan Antoniyos ya tare a cikin wani kabari nesa da gari, ya sa wani amininsa ya rufe shi a ciki yana kawo masa gurasa lokaci-lokaci. Wani dare rundunar aljanu ta auka masa da duka har ya faɗi ba ya magana. Da aminin ya zo washegari sai ya ɗauka gawa ce, ya kai shi cocin ƙauye, mutane suka kewaye shi suna makoki. Tsakar dare ya farfaɗo, ya roƙi a mayar da shi inda aka ɗauko shi. A karo na biyu sai ga bangayen wurin kamar suna tsagewa, aljanu suka shigo cikin siffar zakuna, damisoshi, bijimai, macizai, kunamu da kyarketai. Yana kwance cikin ciwo yana yi musu ba'a. A ƙarshe haske ya keto ta rufin, dabbobin suka ɓace, ciwon ya tafi. Sai ya tambayi hasken dalilin da ya sa bai zo tun farko ba, aka ba shi amsar cewa ana nan tare da shi, an dai jira ne a ga yadda zai yi kokawar. Littafin ya ce yana da kimanin shekara 35 a lokacin.

Bayan wannan ne, da kuma shekara 20 da ya yi a kulle cikin wani kangon sansanin soja, marubucin ya sa a bakinsa doguwar huɗuba ga almajiransa, daga babi na 16 zuwa na 43 cikin babi 94 na littafin. Ita ce zuciyar aikin, kuma hujjojinta sun cancanci a auna su da adalci.

Hujja ta farko ta hankali ce. Da aljanu suna da iko na haƙiƙa, da ba su bukaci zuwa a runduna ba, da ba su bukaci aron siffar dabbobi da buga ƙara ba. Guda ɗaya ya isa ya gama aiki shiru. Ya kawo misalin mala'ikan da Tsohon Alkawari ya ce ya hallaka mayaƙan Assuriya 185,000 a dare ɗaya ba tare da ganga ko kururuwa ba. Yawan hayaniya shaidar rauni ce, kamar 'yan wasan da ke sa dodo a fuska don razana yara. Hujja ta biyu ta shafi da'awar sanin gaibu. Idan aljanu suka ba da labarin cikar Kogin Nilu kafin ruwan ya iso, ba gaibu suka sani ba. Sun ga ruwan sama mai yawa a ƙasar Habasha ne suka riga shi isowa, abin da ɗan aike mai sauri ma zai iya. Duk wanda ya karanta ƙissar rasuwar Annabi Sulaiman (AS) a Suratu Saba'i, inda aljanu suka ci gaba da aikin wahala har sai da gara ta cinye sandarsa, zai ga cewa ma'anar ba baƙuwa ba ce. Hujja ta uku ita ce mafi zurfi: aljanu suna zuwa ne su dubi halin da mutum yake ciki, su ɗauki kamarsa. Idan suka tarar da shi a tsorace, sai su ƙara masa tsoro kamar 'yan fashin da suka sami gida ba mai gadi. Idan suka tarar da shi cikin natsuwa da ambaton Ubangiji, sai su juya. A kan wannan ya gina ma'aunin rarrabewa: abin da ya zo daga Allah yana barin natsuwa da farin ciki a zuciya, abin da ya zo daga maƙiyi yana barin ruɗani, baƙin ciki da tsoron mutuwa.

Akwai ma wani ɗan labari a babi na 41 da ya fi duk dodannin littafin amfani. Wani dogon mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar Antoniyos ya ce shi ne Shaiɗan, ya zo ne da ƙorafi: me ya sa rahibai ke tsine masa dare da rana alhali ba shi ke damunsu ba, su ne ke damun kansu, shi kuwa ƙarfinsa ya ƙare? Mai karatu ba zai rasa tuno aya ta 22 a Suratu Ibrahim ba, inda Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa ranar alƙiyama, yana mai nuna cewa kira kawai ya yi suka amsa, don haka kansu ya kamata su zarga.

Inda huɗubar ta fara tangal-tangal shi ne wurin da ta taɓa wahala ta jiki da ta dukiya. Antoniyos ya san za a kawo masa ƙissar Ayuba, sai ya riga masu tambaya. Ya ce Iblis bai iya taɓa ko saniya ɗaya ta Ayuba ba sai da ya nemi izini har sau biyu, kamar yadda aljanu a Linjila ba su iya shiga garken aladu ba sai da aka bar su. Saboda haka Allah kaɗai ake tsoro. Ƙarshen maganar daidai ne, amma hanyar da aka bi zuwa gare shi ba ta kwantar da hankalin mai shan wuya. A Littafin Ayuba da ke hannun Yahudu da Kiristoci an ba da izinin, kuma abin da ya biyo baya shi ne asarar tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, mutuwar 'ya'ya goma a yini ɗaya, da gyambo daga tafin ƙafa zuwa ka. Mutumin da aka ce masa maƙiyinsa ba ya duka sai da izini, sannan aka nuna masa cewa ana ba da izinin, tsoronsa bai ragu ba. An ƙara masa tambaya ce a kan mai ba da izinin. Amsar da hasken ya bai wa Antoniyos a cikin kabari, cewa an tsaya ne ana kallon kokawarsa, ta dace da jarumin da ya shiga fage da ƙafarsa. Ba ta dace da uwar da ta binne ɗanta ba. Atanasiyus ya rubuta wa 'yan kokawar ruhi ne, bai kuma tsaya ya bambanta jarabar da mutum ya je nema da musibar da ta same shi a gida ba.

Abin mamaki, shi kansa Littafin Ayuba ya fi mai sharhinsa hikima a nan. Shaiɗan ya ɓace daga cikinsa bayan babi na biyu, Ayuba kuma bai ambace shi ko sau ɗaya ba a duk doguwar muhawararsa. Da Ubangijinsa yake magana. A Alƙur'ani kuwa, a aya ta 41 ta Suratu Sad, Annabi Ayyuba (AS) ya ambaci Shaiɗan a matsayin wanda ya shafe shi da wahala, amma a cikin kiran Ubangijinsa ya ambace shi, bai juya ya fuskanci Shaiɗan da magana ba. Malaman tafsiri sun yi bayanai a kan wannan jinginawa: wasu sun ɗauke ta a matsayin ladabi, don kada a jingina cuta ga Allah a lafazi, wasu suka ce wasiwasin da yake jefa masa a cikin jinya ake nufi. Ƙurɗubi ya naƙalto daga Alƙali Abubakar Ibnul Arabi kakkausan raddi ga ruwayoyin Isra'iliyyat da ke cewa Iblis ya hau sama ya nemi a sallaɗa shi a kan jikin Annabin. Wato abin da Antoniyos ya kafa hujja da shi, shi ne ainihin abin da wannan malami Bamalike ya ƙi karɓa.

To, me ya sa littafin da ke cewa aljanu ba su da ƙarfi ya cika shafukansa da dukansu da ƙarajinsu? Amsar tana cikin rikicin da marubucin yake ciki. Atanasiyus ya kwashe rayuwarsa yana kare matsayar taron Nikiya na shekarar 325, cewa Almasihu ɗaya yake da Allah a zati, yana yaƙar mabiya Ariyus da suka ce halitta ne. Sau biyar ana korarsa daga Iskandariyya a kan haka. (Masu ɗaukar Ariyus a matsayin mai tauhidi irin na Musulunci su yi hattara: ya ce Almasihu halitta ne, amma halittar farko da aka yi sauran halittu ta hanyarsa.) A wurin Atanasiyus, kowace nasara a kan aljani hujja ce ta allantakar Almasihu. Shi ya sa makamin Antoniyos a ko'ina alamar gicciye ce. Shi ya sa ma, lokacin da masana falsafar Girka suka zo muhawara da shi, ya rufe zancen da yin wannan alama a kan wasu masu taɓin aljanu a gabansu. Marubucin yana bukatar maƙiyi mai ban tsoro don nasarar ta yi girma, yana kuma bukatar maƙiyi marar ƙarfi don aƙidar ta tabbata. Ya riƙe biyun, littafin ya rabu gida biyu. Akwai wasiƙu bakwai da ake jingina wa Antoniyos kansa, waɗanda manazarci ɗan ƙasar Suwidin Samuel Rubenson ya kare ingancinsu a littafin da ya fitar a 1990. A cikinsu aljanu ba a ganinsu da ido; a cikin tunani da ayyukan mutum suke bayyana. Idan jinginawar ta inganta, to rahibin ya fi mai ba da tarihinsa kamewa.

Ga ɗalibin ilmin addinai Musulmi, wurin haɗuwa da wurin rabuwa a fili suke. Alƙur'ani ya siffanta kaidin Shaiɗan da rauni a aya ta 76 ta Suratun Nisa'i, ya kore masa iko a kan masu imani da tawakkali a Suratun Nahli, sannan a aya ta 175 ta Ali Imrana, wadda ta sauka a kan abin da ya biyo bayan Uhudu lokacin da raunuka ba su warke ba, ya hana jin tsoron majiɓintansa, ya mayar da tsoro ga Allah. Amma dalilin raunin ya bambanta. A wurin Atanasiyus, Shaiɗan ya taɓa zama mai mulkin duniya, gicciye ne ya karya shi. A Musulunci bai taɓa mallakar komai ba balle a ƙwace. Jinkiri ya roƙa aka ba shi, aikinsa kira da ƙawatawa. Bambanci na biyu yana cikin ladabin fuskantarsa. Antoniyos yana zuwa har inda yake zaton mazaunin aljanu ne, yana ƙalubalantarsu, yana muhawara da su. Abin da Musulunci ya koyar shi ne isti'aza. Ibnul Jauzi ya kawo misalin wani daga magabata da ya nuna wa almajirinsa cewa wanda karen makiyayi ya tare wa hanya, idan ya tsaya kokawa da karen zai daɗe bai wuce ba. Abin da ya fi shi ne ya kira mai garken ya janye karensa. Ko a hadisin Bukhari na ifritun da ya so yanke wa Annabi (SAW) salla, an ba shi iko a kansa har ya yi niyyar ɗaure shi a ginshiƙin masallaci, amma ya tuna addu'ar Annabi Sulaiman (AS) ya sake shi. Bai mayar da abin baje-koli ba.

Akwai kuma abin da littafin ya rasa gaba ɗaya, wato sarari ga tsoro na ɗabi'a. Malaman tauhidi sun raba tsoron da ke cikin halittar ɗan Adam da tsoron asiri wanda ake bai wa wanin Allah matsayin mai cutarwa da ikon kansa. Annabi Musa (AS) ya juya da gudu da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji, hakan bai rage masa daraja ba. Antoniyos na Atanasiyus kuwa ba ya razana ko kaɗan. Ya fito daga kullen shekara 20 bai rame ba bai yi ƙiba ba, ba dariya ba ɓacin rai, kamar gunkin da masana falsafar Girka suka sassaƙa. Irin wannan gwarzo yana burge mai karatu, amma mai rauni da ya auna kansa da shi zai ɗauka cewa bugun zuciyarsa a cikin duhu alamar rashin imani ce, ma'aunin da huɗubar ta kafa kuma zai gaya masa cewa wannan ruɗanin ma daga maƙiyi yake.

Tarihi ya nuna wane ɓangare na littafin ya yi rinjaye. Masu zanen Turai, irin su Martin Schongauer da Hieronymus Bosch, ba huɗubar suka zana ba, farmakin aljanun suka zana. Manazarciya Birgit Meyer, a littafinta na 1999 a kan Kiristocin ƙabilar Ewe a Gana, ta nuna irin wannan sakamako a wani zamani: 'yan mishan Jamusawa sun koyar da cewa tsofaffin abubuwan bauta rundunar Iblis ce da aka ci da yaƙi, sai wannan koyarwa ta raya su a zukatan sababbin mabiya maimakon ta kashe su. Majami'un da ke kwana suna addu'ar yaƙi da aljanu a biranen Nijeriya magada ne na wannan ɓangare, kuma wuraren ruƙiyya da ake tara jama'a ana hira da aljani ta lasifika, ana tambayarsa sunansa da wanda ya aiko shi, ba su da bakin yi musu dariya.

Mafi gaskiyar karatun da aka yi wa littafin wataƙila shi ne na Matthias Grünewald, a allon da ya zana tsakanin 1512 da 1516 domin asibitin rahiban Antoniyos da ke Isenheim, wanda yanzu yake gidan tarihi a garin Colmar na Faransa. A asibitin ana jinyar masu cutar da ake kira wutar Antoniyos, wadda ake kamuwa da ita daga cin hatsin da wata irin fumfuna ta kama, gaɓoɓi su yi ta zogi har su ruɓe. Mai zanen ya nuna dodanni suna jan tsohon rahibin da gashi, amma a kusurwa ɗaya ya ajiye wani mai kumburarren ciki, jikinsa duk maruru, kamar ɗaya daga cikin majinyatan da ake kawowa gaban allon. A ɗaya kusurwar ya zana 'yar takarda, abin da ya rubuta a kanta kuwa ba ko ɗaya daga hujjojin huɗubar ba ne. Tambayar nan ce da Antoniyos ya yi wa hasken yana kwance a ƙasa.